Wa Za A Kai Wa Hoton? Nauyin Aiki Daga Boɗinga Zuwa Safad

Yau tarihi za mu taɓa. Amma bari in fara da abin da ya ja ni zuwa gare shi, don ba nishaɗi ne ya sa ni wannan karatu ba. Kunya ce.

A azumin da ya wuce, ni da abokan tafiyata mun tara kuɗi ta WhatsApp, muka sayi gero da shinkafa da sukari, muka nufi wani ƙauye a ƙasar Shagari, can bayan an sauka daga kwalta. Aikina ranar shi ne riƙe waya. Kun san yadda abin yake: masu ba da gudummawa suna son shaida, kuma ban ga laifinsu ba, an sha cinye musu kuɗi. Sai mu jera mutane, kowa ya rungumi ƙunshinsa, a ɗauka. Da aka zo kan wata tsohuwa, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce, "Inna, ɗan buɗe kaɗan, yanzu za a gama." Ba ta buɗe ba. Daga cikin mayafin ta ce da ni, "Ɗana, wanga hoto wa za a kai ma? In Allah na, ai Ya gani."

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi irin ta yaƙe. Kuma, in faɗa muku gaskiya, na ɗauki hoton duk da haka.

A hanyar komawa Sakkwato, muna wucewa ta Boɗinga, ba wanda nake yi wa magana a motar. Wani abokinmu da ya karanta tarihi ya nuna ta taga ya ce, "Ka san nan Malam Abdullahi ya zauna? Ga Sifawa can kusa, inda Shehu ya yi shekara biyar." Na sani a matsayin amsar jarrabawa. Abin da ban sani ba shi ne, tambayar da tsohuwar nan ta yi mini ita ce ta hana mutanen da suka zauna a waɗannan garuruwa biyu barci shekara ɗari biyu da suka wuce. Littafin da na fara ɗauka ma na ɗan ƙasar ne: wanda marigayi Alhaji Shehu Shagari ya rubuta da Turanci tare da Jean Boyd a kan shugabancin Shehu Usmanu, ya fito a 1978, shekara ɗaya kafin ya zama shugaban ƙasa. Daga nan na bi sawu.

To, mu koma baya.

Mu matasa, idan aka ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, takobi da tuta ne ke fara zuwa mana a rai. Amma mutumin da aka haifa a 1754 ya kusa shekara hamsin kafin a ɗaga tutar, kuma ya yi shekara kusan talatin yana yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi. Wajen 1788, a filin idin Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu zinariya mai yawa. Shehu ya ƙi karɓa. Ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Duk wanda ya taɓa shiga ofishin wani babba da takardar koke ya fito da ambulan ya san nauyin abin da aka yi a Magami.

Shehu kuma Baƙadire ne, wannan ba a ɓoye yake ba. Shi da kansa ya rubuta cewa da ya kai shekara arba'in, wajen 1794, an nuna masa Shehu Abdulƙadir Jilani yana ɗaura masa takobin gaskiya. Jama'arsa ma da sunan Ƙadirawa aka san su. Na san a nan wasu sun fara gyara zama, ɗan Izala ya ce ga shi nan an fara, ɗan ɗariƙa ya ce yauwa. Ku ɗan dakata. A littafinsa Ihya'us Sunna, wanda kowane ɓangare ke ɗagawa sama, akwai babi a kan ihsani da tasawwufi, inda ya tabbatar da asalinsa kuma ya soki bidi'o'in da aka cusa a ciki. Kowa zai sami abin da zai ji daɗi da abin da zai sosa masa rai. Ni yau ba alƙalanci na zo yi ba.

Abin da ya dame ni shi ne yadda suka ɗauki aiki. A wajen Shehu da ƙanensa Abdullahi, addini hawa uku ne kamar yadda ya zo a hadisin Jibrilu, na biyu a Arba'una da muka haddace a Islamiyya: akwai abin da za ka ƙudurce, akwai abin da gaɓoɓi za su yi, akwai kuma gyaran zuciyar da ke yin aikin. Na ukun nan ba ƙari ba ne na masu lokaci. Sun lissafa shi cikin abin da ya wajaba a kan kowane baligi, daidai da sanin alwala. Suna bin tsarin Imamu Gazali, suna kawo halaye masu halakarwa: jiji da kai, girman kai, hassada, rowa, riya, son girma, son dukiya, mugun zato ga Musulmi. Sannan masu tsirarwa: tuba, tsarkake niyya, haƙuri, gudun duniya, dogaro ga Allah, yarda da hukuncinsa, tsoro da fata. Shehu har ya taƙaita maganganun Gazali a wani ɗan littafi mai suna Ɗariƙul Janna don ɗalibi ya riƙe a hannu.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, aiki ɗaya na iya fitowa daga hannu biyu ya zama abu biyu. Ibn Aɗa'illah na Masar, wanda ya rasu a 1309, mai littafin Hikam da ake karantawa a zaurukanmu, ya kwatanta aiki da gangar jiki, ikhlasi kuma da ran da ke cikinta. Buhun gero da ikhlasi rayayye ne. Buhun gero da riya gawa ce, ko da ya ƙosar da mai ci. Kuma kun san hadisin nan na Muslim mai tayar da tsikar jiki, na mutum uku da za a fara yi wa hukunci: wanda ya mutu a fagen fama, da malami makaranci, da mai kyauta, kowannensu a ce masa don a faɗa ka yi, kuma an faɗa. Ku duba jerin da kyau. Jarumi, malami, mai bayarwa. Su ne dai mutanen da jihadin 1804 ya tara a wuri ɗaya.

A nan ne labarin ya daina zama karatun zaure. An yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a Fabrairun 1804. A watan Yuni aka yi Tafkin Kwatto, Malam Abdullahi ne ya jagoranci rundunar, aka yi nasara. Ƙarshen shekarar aka sha kashi a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutane masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan ɗari biyu. Ku tsaya a kan wannan. Waɗanda suka zauna a gaban Shehu shekara da shekaru suna koyon yaƙi da son zuciya su ne suka fara faɗuwa. Waɗanda suka cike gurbinsu da yawa ba su yi wannan makarantar ba. A 1805, a kan hanyar Alwasa, rundunar ta washe wani gari da ba a yaƙi da shi, shugabanni suna hanawa ba a saurare su ba, sannan aka je aka sha mummunan kashi. Malam Abdullahi bai ɗora laifin a kan yawan abokan gaba ba. A ganinsa niyya ce ta lalace tun kafin a ja daga.

Wajen 1807 abin ya kai masa iya wuya. Ana cikin tafiya yaƙi, sai ya sulale da 'yan mutane kaɗan ya fuskanci gabas, niyyarsa ya tafi Makka da Madina ya bar musu duniyarsu. Ku yi tunanin wannan: wazirin tafiya, babban kwamanda, ƙanen jagora, ya ajiye komai ana gab da cin nasara. Dalilin da ya bayar daga baya shi ne abokansa na gaskiya sun ƙare, an bar shi cikin masu neman sarauta da dawakai da tufafi da ƙwaraƙwarai. Ya isa Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen Kano suka riƙe shi suka ce ba inda za shi. Ya zauna ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da shari'a, sannan ya juyo gida.

Wannan juyowar ta fi tafiyar burge ni. Guduwa daga ƙazanta abu ne da kowane mai zuciya ke sha'awa. Ni kaina na sha rubuta saƙon fita daga guruf in goge. Dawowa cikin mutanen da ka san halinsu, ka ci gaba da aiki tare da su, wannan shi ne mai wuya.

Alƙalawa ta faɗi a 1808. Wajen 1810 Shehu ya tashi daga Gwandu ya koma Sifawa, Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga kusa da shi, Muhammadu Bello kuma yana gina Sakkwato. A 1812 aka raba kula da ƙasa: yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Bello. Shehu ya ja jiki daga harkar mulki ya koma karantarwa da rubutu. Ana ba da labarin cewa igiya yake tufkawa a sayar ya ci daga ciki, ga baitulmali a gefe. A Sifawa ne ya yi waƙar nan ta Fulatanci da 'yarsa Nana Asma'u ta mayar Hausa daga baya, Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da masu cin haƙƙin talaka. Ku lura da wa ake yi wa gargaɗin. Sarakunan Gobir sun riga sun tafi. Da mutanensa yake.

A waɗannan shekarun na Boɗinga ne Malam Abdullahi ya haɗa Tazyinul Waraƙati, a 1813, inda ya tattara waƙoƙinsa ya ba da labarin jihadin har da ɓacin ransa da tafiyarsa Kano, bai share ba. A 1816 ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili. Wato garin da muke wucewa da gudu, sai dai mu tsaya sayen rake ko mu sha mai, a nan wani ya zauna da alƙalami yana tuhumar nasarar da shi da kansa ya jagoranta. Kuma kada mu yi wa tarihi kwalliya: daular da suka kafa ta rayu da bayi da ganima, kuma abin da ya ji tsoro da yawa ya faru. Darajarsa a wurina ita ce ya gani tun da wuri, ya kuma rubuta da sunansa.

Yanzu zan tsallaka da ku wani wuri da ba ku zata ba, kuma ina roƙon ku saurara har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Da nake bin asalin wannan karatu na zuciya, daga Shehu na koma Gazali, daga Gazali na koma Harisul Muhasibi na Bagadaza, wanda ya rasu a 857, wanda ya yi dogon bayani a kan riya da yadda take ɓuya. A kan wannan hanyar na ci karo da Yahudawa. Na san abin da kalmar ke tayarwa a zukatanmu a yau, da abin da muke gani daga Gaza, ni ma na yi tattaki na ɗaga kwali. Amma maganar yau ba ta gwamnatin Isra'ila ba ce. Magana ce ta malaman wani addini da suka rayu ɗaruruwan shekaru kafin a kafa ta, da yawansu ma a ƙarƙashin sarakunan Musulmi.

Wajen 1080, a birnin Sarakusta na Andalus, wani alƙalin Yahudawa mai suna Bahya ibn Baƙuda ya rubuta littafi da Larabci amma da baƙaƙen Ibrananci, kamar dai yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da ajami. Sunan littafin Alhidaya ila Fara'idil Ƙulubi, wato jagora zuwa farillan zukata. Kukansa shi ne malamansu sun cika littattafai da hukuncin abin da gaɓoɓi za su yi, sun bar abin da ya hau kan zuciya. Ya kasa littafin ƙofa goma, ku ji sunayensu: tauhidi, lura da halitta, biyayya, tawakkali, ikhlasi, tawali'u, tuba, yi wa kai hisabi, zuhudu, sai son Allah. Da an ɓoye sunan marubucin, wallahi sai ka ce daga wani zaure a Sifawa aka ɗauko jerin. Masu bincike sun nuna ya sha daga rubuce-rubucen sufayen Musulmi irin su Muhasibi. An fassara shi zuwa Ibrananci a 1161, kuma har yau ana karanta shi a makarantunsu. A Masar ma, Ibrahim ɗan Musa bin Maimun, shugaban Yahudawan ƙasar da ya rasu a 1237, ya fito fili ya yaba wa sufaye, yana ganin sun riƙe wasu ɗabi'un annabawa da mutanensa suka saki.

Kada wani ya fita ya ce na ce Shehu ya karanta Yahudawa. Ban faɗa ba. Kogi ɗaya ne ya yi rassa, wani reshe ya bi ta Andalus ya shiga gidan Bahya, wani ya bi ta Gazali ya ƙetaro Sahara. Kuma zaman bai kasance lami lafiya kullum ba: Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, wanda Shehu Usmanu ya dogara da fatawoyinsa sosai, shi ne ya tayar wa Yahudawan Tuwat da fitina a ƙarshen ƙarni na 15. Duka biyun tarihi ne.

Daga baya ne Yahudawa suka ɗauki wata hanya tasu daban, wadda ake kira Kabbala. Babban littafinta, Zohar, ya bayyana a Sifen a ƙarshen ƙarni na 13. A lissafinsu umarnin da ke cikin Attaura 613 ne: 248 na aikatawa, adadin da suka ce ya yi daidai da gaɓoɓin jiki, da 365 na hani, daidai da kwanakin shekara. Kowane ɗaya suna kiransa mitswa. Masu Kabbala suka ce mitswa ba ta tsaya ga lada da za a rubuta maka ba. Abin da ka yi a ƙasa yana motsa wani abu a sama.

Wanda ya kai wannan tunani ƙololuwa shi ne Ishaƙ Luriya. Bayan an kori Yahudawa daga Sifen a 1492, da yawa sun sami mafaka a daular Usmaniyya, wani ɗan gari a kan tsaunin Falasɗinu mai suna Safad ya zama matattarar malamansu. A nan Luriya ya karantar na ɗan lokaci kaɗan, ya rasu a 1572 yana da shekara 38, almajirinsa Hayyim Bital ya rubuta karatun. A cewarsu, a farkon halitta an zuba haske a cikin wasu tukwane, tukwanen suka kasa ɗauka suka fashe, tartsatsin hasken ya warwatse ya maƙale a cikin abubuwan duniya. Aikin ɗan Adam shi ne tsamo wannan tartsatsi ya mayar da shi asalinsa, ta hanyar aikata umarni da halartar zuciya, abin da suke kira kawwana, kusan abin da muke nufi da niyya da khushu'i a haɗe. Wannan gyara suna ce masa tikkun. Ku yi tunanin abin da wannan ke nufi ga mutanen da aka raba da gidajensu: an gaya wa baƙo talaka, wanda ba shi da ƙasa ba shi da sarki, cewa sadakar da ya yi da safe tana ɗinke wata ɓaraka a cikin halitta.

A ƙarni na 18 wannan karatu ya sauka daga hannun ƙwararru zuwa ga talakawa a gabashin Turai, ta hanyar Ba'al Shem Tob, wanda ya rasu a 1760 a ƙasar da take Yukiren a yau, lokacin Shehu yana ɗan shekara biyar. Mabiyansa suka ce ko cin abinci da ciniki ana iya tsamo tartsatsi a cikinsu. A 1796, Shehu yana Ɗagel yana tara jama'a, aka buga littafinsu Tanya, wanda ya kwatanta so da tsoron Allah da fukafukai biyu da ke ɗaga aiki sama, amma ya nace cewa sai an yi aikin da hannu, kuma ya ba sadaka matsayi na musamman.

A nan hanya ta rabu, kuma dole in faɗa a fili. Musulmi ba zai ce aikinsa na gyara wani abu a wajen Ubangiji ba. Hadisi na 24 a Arba'una ya rufe wannan ƙofar: da mutane da aljannu duka za su zama kamar mafi taƙawarsu, ba abin da zai ƙaru a mulkinsa, da za su zama kamar mafi fajircinsu, ba abin da zai ragu. Su kansu Yahudawa ba duka suka yarda da Kabbala ba, sun yi ta jayayya a kanta. A karatun su Shehu, abin da aiki ke gyarawa shi ne mai aikin. Hadisi na 38 shi ne ginshiƙin sufaye a nan: bawa yana kusantar Allah da farillai, sannan ya yi ta ƙarawa da nafiloli har Allah Ya so shi, jinsa da ganinsa da hannunsa su koma ba sa motsi sai a kan yardarsa. Bayahuden Safad yana tsamo haske daga cikin duniya. Baƙadiren Sifawa yana goge tsatsa daga madubin zuciyarsa. Aƙida biyu ce daban, kuma ni na san inda na tsaya. Amma dukansu sun haɗu a kan cewa ƙaramin aiki ba ƙarami ba ne, kuma ba idon jama'a ke auna shi ba. Mu kuwa mun ƙirƙiro ma'auni na uku, wanda ba Safad ba Sifawa: yawan waɗanda suka danna suka yaɗa.

To sai me, mu daina rabon? Na yi wannan tunanin kwana da kwanaki, har na fara jin daɗin kaina da shi, alamar cewa shi ma tarko ne. Malaman zuciya sun riga mu zuwa nan. An ruwaito daga Fulailu bin Iyali cewa barin aiki saboda mutane shi ma riya ne. Alƙur'ani a Baƙara ya yaba wa sadakar da aka bayyana, sannan ya ce wadda aka ɓoye aka kai wa matalauta ta fi. Malaman Talmud su ma suna da ƙa'ida cewa mutum ya yi ta aikin ko niyyarsa ba ta tsarkaka ba, don yin ne ke jawo tsarkakar. Musa bin Maimun kuma, da ya jera matakan sadaka takwas, ya sa wadda mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa bai san mai bayarwa ba, a mataki na biyu daga sama. Na farko shi ne ka ba mutum jari ko sana'a ya daina buƙatarka. Mai jin yunwa a ƙauyen Shagari ba zai jira in gama wanke zuciyata ba. Amma wannan bai ba ni izinin in sa shi ya biya da fuskarsa ba.

Saura abu ɗaya game da Malam Abdullahi, don jarrabawarsa mafi girma ta zo ne a ƙarshe. Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a Afrilun 1817. Labari ya iske Abdullahi a Boɗinga, ya hau doki ya nufi birni. Da ya isa, sai ya tarar an rufe ƙofa, an riga an yi wa Bello mubaya'a. Mutumin da ya ja rundunar Tafkin Kwatto, wanda ake ganin ba na biyunsa a ilimi bayan Shehu, ya tsaya a bayan ganuwa. Ya juya ya tafi Gwandu, kuma an yi 'yan shekaru tsakaninsa da ɗan wansa ba daɗi. Ba mala'ika ba ne, abin ya yi masa ciwo. Sai da tawayen Kalambaina ya tsananta a ƙasarsa, Bello ya kawo masa ɗauki, aka ci garin. Kamar yadda ake ba da labarin, da suka haɗu Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya yi masa alamar ya zauna, ya gaishe shi da Sarkin Musulmi. Shi ne fa ya yi shekaru yana rubuta wa mutane haɗarin son girma. Ranar aka miƙo masa takardarsa ya amsa da kansa. Ya rasu a Gwandu wajen 1829.

Mu kuma, bayan sallah mun zauna da abokan tafiya. Na kawo shawarar a daina ɗaukar fuskar kowa: a ɗauki kayan, a ɗauki rasit, a sa mai unguwa da liman su sa hannu a takarda, wanda ya ba da kuɗi kuma yake son ya gani da idonsa a ba shi kujera a mota. An yi musu sosai. Ma'ajinmu ya ce gudummawa za ta ragu, kuma ina jin gaskiya ya faɗa, don mutum biyu daga cikin manyan masu ba mu sun riga sun tambaya ina hotunan bana. Wata 'yar uwa ta ce ita ba ta damu da niyyar kowa ba muddin tukunya ta hau wuta, kuma ban iya ture maganarta gaba ɗaya ba. Da aka ƙirga hannu, shawarar ta wuce da ƙyar, kuma na gwaji ne, na azumi ɗaya.

Hoton tsohuwar ban sa shi ko'ina ba. Ban kuma goge ba. Yana nan a wayata, mayafi ne kawai da hannu biyu riƙe da ƙunshin gero. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu bi 'yan taru na Nana Asma'u, matan da suke tasowa daga ƙauyuka da ƙafa su zo ɗaukar karatu. Wassalamu alaikum.